Ɗakin Hajiya da bangon da ke zubar da gishiri

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Maiduguri, ma'aikacin gwamnati, da mata ɗaya da yara biyar. Muna zaune a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bari, har yau ba a raba gado ba. Mu huɗu ya haifa: ni, ƙanena da ke aiki a Kano, da mata biyu da ke gidajen aurensu. Ambaliyar watan Satumbar 2024 ta shiga gidan, ruwa ya kai mini ƙugu, ya kwana shida kafin ya janye. Ɗakin mahaifiyarmu da ke bayan gida ginin ƙasa ne, ya rushe gaba ɗaya. Tun lokacin tana wajen ƙanwata, wato gidan surukinta, kuma duk ranar da na je gaishe ta sai ta ce, "Yaushe zan koma ɗakina?" Sashenmu na bulo ne, bai faɗi ba. Mun wanke, mun yi fenti, mun koma. Amma fentin ya kumbura ya zube, wani farin gari kamar kanwa na fitowa a gindin bango, akwai tsaga daga kusurwar taga zuwa ƙasa, ɗakin yara na warin rima, autanmu ba ya rabuwa da tari. Na sayar da fili na haɗa da bashin wurin aiki, na tara miliyan bakwai. Niyyata in gina wa Hajiya ɗaki da falo da banɗaki a inda nata ya faɗi. Matata ta ce a fara gyara inda muke. Na yi fushi na ce mata don ba uwarta ba ce. Yau sati biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ƙanena kuma ya ce in na yi gini, ginin na kowa ne. Magini ya ce kuɗin za su isa duka biyun in aka yi dabara. Me zan yi?

Wani magidanci, Maiduguri

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar muku da alheri, ya kiyaye gaba.

Na fahimci abin da ke cin ranka. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da ake nufi da a ce dattijuwa na zaune a gidan suruki. Ko da surukin ya fi kowa kirki, ba ta sakewa. In ta ji sallamarsa sai ta gyara lulluɓi ta shige ɗaki, abinci ma da kunya take ci, ba ta iya ɗaga murya ta tsawata wa jika kamar yadda za ta yi a tsakar gidanta. Kuma ɗakin nan da take tambaya, a cikinsa ta yi zamanta da mahaifinku. Ɗa na gari ba zai ji wannan tambayar sau biyu ya yi barci mai daɗi ba. Niyyarka kyakkyawa ce, kuma ina so ka cika ta. Amma ba zan ɓoye maka ra'ayina ba: gyaran za ka fara, ginin Hajiya ya biyo baya. Ruwan da ya kayar da ɗakinta bai gama barin gidanku ba, kuma duk bulon da ka ɗora kafin ka gane ta ina yake shiga da ta ina yake fita, ka ɗora shi ne a kan abin da ba ka sani ba.

Kafin mu shiga maganar siminti, ga wadda ta fi gaggawa. Yau ɗin nan, bayan isha'i, ka je ka ba matarka haƙuri. Kai kana fita da safe ka dawo da yamma. Ita ce ke wuni tana shaƙar warin, ita ke share garin da ke zubowa daga bango, ita ke farkawa da tarin yaro cikin dare. Abin da idonta ya gani ta faɗa maka, kai kuma ka mayar mata da maganar da ke daɗewa a zuciyar mace. Ka tuna cewa in Hajiya ta dawo, wannan matar ce za ta kai mata ruwan wanka, ta tuna mata lokacin magani. In ta shiga wannan hidimar da tabon "don ba uwarki ba ce", ɗakin da ka gina ba zai yi wa kowa daɗin zama ba. Ka ce mata ka yi kuskure, ka ce ka ji maganarta, ba tare da ka haɗa da "amma" ba. Sannan gobe ku kai yaron asibiti. Danshi da fumfuna suna tayar da tari da asma, amma kada ku yanke hukunci da kanku, domin tarin da ya wuce sati biyu ana so a yi masa gwajin tarin fuka, kuma gwajin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Yaran duka su bar wannan ɗakin daga yau, ko da a falo za a yi musu shimfiɗa.

Yanzu bari mu karanta abin da bangon ke faɗa. Farin garin nan gishiri ne. Ruwa ya narkar da shi a cikin ƙasa da bulo, yana fitowa yana bushewa sai ya bar shi a fuskar bango. Shi kansa ba ya kayar da gida, amma shaida ne cewa har yanzu ruwa na tafiya a cikin ginin. Fentin da kuka yi da wuri rufe wa danshin hanya ya yi, shi ya sa ya kumbura ya tsage. Ba laifinku ba ne, kusan kowa haka ya yi don ya samu ya koma gidansa. Tambayar ita ce: ragowar ruwan ambaliya ne ke fita, ko kuwa akwai inda sabo ke shiga? Na shiga gidan wani ɗan'uwana bayan ruwan ya janye, layin laka na nan a jikin bango kamar an ja da igiya. Sun yi ta fama da gindin bango yana jiƙa, aka ce fandisho ne, aka ce rijiya ce. Da muka tona gefen ɗaki da fartanya, sai muka tarar lakar da ambaliya ta bari ta ɗaga tsakar gida da kusan taƙi ɗaya, ta binne rariya, ta hau sama da inda aka shimfiɗa ledar da ke hana danshi hawa bango. Duk ruwan wanke-wanke da na alwala a gindin bangon yake kwanciya. Kwana biyu lebura uku suka yi suna kwashe ƙasa, bangon ya fara bushewa. Ka fara duba irin wannan. Ka duba bututun da ke bin ƙasa ko ya fashe, ka duba sokawe ko ya cika ko ya rufta. Sannan ka yanko leda kamar faɗin faranti babba, ka manna ta a daɓen ɗakin yara da salatif ta kowane gefe, ka bar ta kwana biyu ko uku. In ka ɗaga ka ga gumi a ƙarƙashinta, daga ƙasa danshin ke tasowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka shi ne tsagar nan. Tsagar da ta tsaya a filasta, siririya kamar gashi, ba abin damuwa ba ce. Wadda ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace zuwa ƙasa kuwa, sau da yawa alama ce cewa wani gefen fandisho ya zauna, ko dai ruwa ya kwashe yashin da ke ƙarƙashinsa, ko laka ta kumbura ta sake tsukewa. Ka gwada ta. In tsinken ashana na shiga, a sa ido. In fensir na shiga, ko ana hango ta daga ciki da waje, ko ƙofa da tagar wajen sun fara cijewa, kada kowa ya ƙara kwana a jikin bangon. Ka shafa ɗan siminti siriri a kan tsagar a wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a gefe. In ya tsage bayan 'yan makonni, ginin na motsi har yanzu. Wannan ba aikin birkila ba ne, komai ƙwarewarsa. Ka nemo injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ka biya shi ya zo ya tona gefen fandishon ya gani da idonsa, ya rubuta maka abin da za a yi. A cikin miliyan bakwai ɗin nan, kuɗinsa ne za su fi kowanne amfani, domin amsarsa ce za ta nuna maka nawa ya rage na ɗakin Hajiya.

In ya ce ginin zai gyaru, kuma ina kyautata zaton haka tunda na bulo ne, to aikin yana da jeri, kuma ba a tsallake shi. Hanyar ruwa tukuna: a sauke ƙasar tsakar gida, a karkata ta zuwa rariya, a buɗe kwata har waje, a yi daɓen siminti zagaye da gindin bango don ruwan kwano ya daina zuba a tushe. Sai gyaran fandisho da ɗinke tsaga. Sai a farfashe filastar da ta sha ruwa har sama da layin ambaliya da kamar ƙafa ɗaya, a bar bulo tsirara, tagogi a buɗe. A nan Allah ya taimake ku da yanayi, domin iskar hunturu da zafin Maris da Afrilu na Maiduguri suna busar da bango sosai, haƙuri kawai ake buƙata. Cikin wannan jiran sai mai wayarin ya canza duk soket da wayar da suka nutse, ya ɗaga su sama. Fumfuna a goge ta da ruwan bilic da aka tsarma, da safar hannu da takunkumi, kuma kada a haɗa bilic da wani sinadarin wanki, hayaƙinsa na da illa. Katifa da silin da suka jiƙa suka yi baƙi, a rabu da su. Sai bango ya daina fitar da gishiri sannan a yi sabuwar filasta, fenti kuma mai ruwa, ba mai mai ba. Wani zai ce ka manna tayil ka huta. Tayil ɓoye danshi yake yi, ya tura shi sama, bayan shekara ka gan shi ya ɓullo a saman layin tayil ɗin.

Maganar maginin naka kuwa, ka tambaye shi ma'anar dabara. A bakin masu gini, sau da yawa tana nufin a rage siminti a kwaɓi, a sa rodi siriri, a sayi bulon da farce ke kankarewa, a tsallake leda. Ban ce mutumin macuci ba ne, yana son aiki ne kuma yana son faranta maka. Ka sa ya rubuta maka lissafi biyu daban, na gyara da na sabon gini, kowane kaya da adadinsa da farashinsa, ka kai wa wani maginin ya yi nasa ba tare da ya ga na farko ba. Ka ware kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari ka ajiye gefe, domin gidan da ruwa ya shiga sai an fasa ake ganin sauran ciwonsa. Tunda farashi ba ya jiran kowa kuma ana cire bashin daga albashinka, kana iya sayen rodi da kwanon ɗakin Hajiya tun yanzu. Siminti dai kada ka jibge, yana daskarewa in ya daɗe, balle a gida mai danshi.

To, ɗakin Hajiya. Ka tambayi kanka me ya sa nan ne ya faɗi. Na ƙasa ne, gaskiya, amma a gidaje da yawa bayan gida nan ne gangare, nan ruwa ke taruwa kafin ya sami mafita. In haka ne, sabon gini a wurin zai iya toshe hanyar, ya mayar da ruwan kan sashenku ko kan katangar maƙwabci, ka sayi rigima da kuɗinka. Injiniyan da ya zo duba tsaga, ka sa ya duba nan ma a zuwa ɗaya. A kwashe ɓaraguzan tsohon ɗakin gaba ɗaya, a haƙa har a tarar da ƙasa mai ƙarfi, kuma ka tambayi Hajiya ko an taɓa yin masai ko rijiya a wajen aka cike, domin ita kaɗai ce za ta tuna. Ledar tare danshi ta kasance aƙalla inci shida sama da tsakar gida, daɓen ɗakin ya fi haka tudu in hali ya yi. Zuba kankare yana son a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, ƙarfinsa kuma sai ya kai kwana 28 yake cika, saboda haka kada ɗokin dawowar Hajiya ya sa a yi sauri. In akwai rijiya a gidan, sabon sokawe ya yi nesa da ita iyakar yadda fili ya bari.

Ba zan ruɗe ka ba, babu tudun da miliyan bakwai za su yi maka da zai hana ruwa mai kai ƙugu shiga ɗaki. Madatsar Alau ta yi wa garin nan haka a 1994, ta sake a 2024. Abin da ke hannunka shi ne ɗakin da ruwan damina na kowace shekara ba zai taɓa shi ba, wanda kuma in babban ya dawo, Allah ya kiyaye, za a wanke a koma: daɓen siminti ko tayil mara santsi, soket a sama, kanta mai tsayi ta ajiye takardu da magani. Tudun kuma kada ya zama wa tsohuwa azaba. Matakala gajeru masu faɗi, da ƙarfen riƙewa, da masai na zama. Ni da zan zaɓa, ɗaki ɗaya wadatacce da banɗaki da 'yar baranda zan fara yi. Dattijuwa ta fi son inda za ta shimfiɗa tabarma da hantsi tana kallon jikoki a kan falon da za ta rufe sai baƙi sun zo. A ja fandishon falon a bar shi, in an samu sarari a ɗora. Kafin a haƙa komai kuma, ka je hukumar tsara birane ta jiha ka nemi izini, musamman in gidan na kusa da gaɓar kogin Ngadda, kada ka gama gini a zo a shafa masa jan fenti.

Ƙanenka bai faɗi ƙarya ba, ko da maganar ta yi maka zafi. Filin ba naka ba ne kai kaɗai. In ku biyar ɗin nan ne kawai magada, Hajiya na da tumuni, sauran a raba namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A kasa gidan kashi 48: Hajiya 6, kai 14, ƙanenka 14, mata kowace 7. Ka ga kana shirin zuba kuɗin filinka da bashin da iyalinka za su yi shekaru suna jin raɗaɗinsa a wurin da kasonka bai kai sulusi ba. Yau kuna shiri, amma gini yana daɗewa fiye da masu shi, 'ya'yanku ne za su zauna da abin da kuka bari a duhu. Ka tara su, ko da ta waya ne, da wani dattijo na dangi da malamin da ya san rabon gado. Ko dai a yi wa gidan kuɗi yanzu kafin a taɓa shi a san kason kowa, ko a rubuta cewa abin da ka kashe a sabon ginin bashi ne a kan gidan da za a fitar maka ranar rabo, ko kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa tunda uwar ta kowa ce. In kuma ka zaɓi ka yi shi kyauta don Allah, wannan ma a rubuta, kuma matarka ta sani tun yanzu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka ba rashin yarda ba ne. Amma ka yi musu adalci kai ma: shekarun nan kai ke zaune a gidan ba ka biyan haya, don haka kuɗin gyaran sashen da kake ciki ya kamata mafi yawansu su zama naka. In ka fara faɗin wannan da bakinka, za ka ga ƙanenka ya sassauto. Rasit kuwa, ko na ƙusa ne, a ajiye.

Saura Hajiya, wadda ba za a ce mata ta jira shekara a gidan suruki ba. Dawowarta gida ba sai sabon ɗaki ya tsaya ba. Da zarar an gama da ɗakin da ya fi bushewa a sashenku, ana iya gyara mata shi, manyan yara maza su koma zaure ko falo na 'yan watanni. Wannan shawara ce da za ku yanke kai da matarka bayan kun shirya, kada ka kawo mata ita a matsayin umarni. Zan yi mamaki in ba ita ce za ta fara kawo maganar ba. In gidan ya yi ƙunci, ɗakin haya ɗaya a layinku na wata shida ya fi sauƙi a kan fandishon da aka yi cikin gaggawa. Surukin naku kuma ka je takanas ka yi masa godiya, da ɗan buhun hatsi in ka samu, ya yi abin da ba kowa zai yi ba.

Ranar Juma'a in ka je gaishe ta ta sake tambayarka, kada ka ce "an kusa" kamar kullum. Ka zauna ka faɗa mata gaskiya: bangon sashenmu ya tsage, jikanki na tari, mai duba gini zai zo ranar kaza, za ki dawo gida wata kaza, ɗakinki kuma za a fara shi bayan nan. Ka ɗauko ta a Keke Napep ka kawo ta gidan, ta tsaya a inda ɗakinta yake, ta nuna muku inda ruwa ke bi tun zamanin mahaifinku, ta zaɓi gefen da ƙofarta za ta kalla. Allah ya ba yaron lafiya. Ka rubuto mini abin da injiniyan ya ce game da tsagar.